Yadda ake renon agave daga iri a gidajen masu mezkal na Oaxaca

Agave, wadda manoman Oaxaca a ƙasar Meziko ke kira maguey, ita ce shukar da ake gasa zuciyarta a rami a yi barasar mezkal. Ba ta da sauri ko kaɗan. Nau'in espadín kan yi shekara 7 zuwa 8 kafin ya nuna, tobalá ta haura 10, tepeztate kuwa takan kai 25. Sau da yawa abin da uba ya dasa, ɗansa ne ke sarewa. Gidan da ke sara ba ya dasawa zai koma wawushe na daji har su ƙare.

Da farko a bar wasu su yi fure. Agave sau ɗaya take fure a rayuwarta, ta fito da doguwar sanda da ake kira quiote, sannan ta mutu. Manoma kan yanke sandar tun tana ƙarama don zaƙin ya taru a zuciya, shi ya sa gonaki da yawa ba sa ba da iri. A ware kamar 5 cikin 100 a ƙyale su. Da dare jemagu ke zuwa shan ruwan furen suna kai ƙurarsa daga wannan shuka zuwa waccan.

Idan kwanson irin da furen ya bari ya bushe ya fara tsagewa, a tsinke shi. Baƙin iri mai faɗi shi ne mai rai. Fararen fanko ne, a zubar. A shuka a ƙasa mai yashi, a rufe sama-sama, a yi ban ruwa kaɗan a inuwa. Yakan tsiro cikin makonni kaɗan. Ruwa mai yawa shi ke kashe yawancinsu, saiwar ta ruɓe tun ba a ga ganye na uku ba. A rene su shekara ɗaya ko biyu kafin a kai gona.

Akwai hanya mai sauƙi: cire 'ya'yan da ke tohowa a gindin uwa, a shanya su a inuwa har wurin yankan ya bushe, sannan a dasa. Amma duk jininsu ɗaya ne da uwar, cuta ɗaya na iya share gona. Tobalá ma ba ta cika yin 'ya'ya ba, sai dai iri.

A dasa da farkon damina, a bi kwanciyar tudu kada a miƙe layi daga sama zuwa ƙasa, don ruwa ya kan wanke ƙasar. Tsakanin layuka a sa masara da wake.

A riƙa duba gindin ganye. Wani baƙin ƙwaro da ake kira picudo yana huda zuciya, ruɓa ta biyo baya. Shukar da ta yi laushi tana wari a tuge ta a ƙone nesa da gona.