Yadda ake kare fata daga tabon lallen rina gashi, da yadda ake rage shi idan ya kama

Duk wanda ya taɓa rina gashinsa ko gemunsa da lalle ya san abin da madubi ke nunawa bayan an wanke kai: gashi ya yi kyau, furfura ta ɓuya, amma ga wani layi mai ruwan goro ya zagaye goshi, bayan kunne ya yi ja, farata kuma kamar da gangan aka tsoma su cikin kwaɓin. Yawancin mutane sai su ɗauki soso da sabulu su yi ta dirza har wurin ya yi zafi, su kuma yi mamakin ganin tabon yana nan daram. Dalilin hakan yana cikin yadda lalle yake kamawa, kuma sai an fahimce shi sannan sauran bayanin zai yi amfani.

Ganyen lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, yana ɗauke da wani sinadari mai suna lawsone. Idan aka kwaɓa garin ganyen aka bar shi ya tsumu, sinadarin yakan fito, kuma da zarar ya haɗu da keratin, wato furotin ɗin da gashi da farce da saman fata suka ginu da shi, sai ya ɗaure da shi ɗaurin da ruwa da sabulu ba sa kwancewa. Wannan ɗaurin ne yake sa launin ya daɗe a gashi, shi ne kuma yake sa ya kama fata, domin lalle bai san bambancin gashi da goshi ba. Sai dai a fata iyakarsa ɓawon sama, wanda matattun ƙwayoyi ne da jiki ke zubarwa kullum yana maye gurbinsu da sababbi daga ƙasa. Tabon yana tafiya ne tare da wannan ɓawon, yawanci cikin mako 1 zuwa 3. Inda fata take da kauri, kamar tafin hannu da wurin da ya yi kanta, launin ya fi duhu kuma ya fi jimawa, amma a goshi da kunne da fatar kai, waɗanda suke da laushi da maiƙo, yakan koɗe cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma wani hali na lalle da ke tsorata wanda bai saba da shi ba. Tabon da aka gani da ruwan goro a ranar farko yakan ƙara duhu cikin kwana 2 zuwa 3, saboda iska tana aiki a kan sinadarin, har ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Wannan ba alamar wata matsala ba ce, kuma daga nan ne yake fara dusashewa.

Tunda haka abin yake, kusan dukkan aikin yana kafin a buɗe kwanon kwaɓin. Da farko a shafa mai mai kauri, irin su Vaseline, a kan iyakar gashi tun daga goshi, a bi gefen fuska, a shafe kunnuwa ciki da baya, a gangara har ƙeya, a bar faɗin shafin ya kai kamar yatsa biyu. Kada a murza shi ya shige kamar man shafawa. Ana so a gan shi yana ƙyalli a kan fata, domin shi ne katanga tsakanin lallen da jiki. Wurin da ke buƙatar natsuwa shi ne bakin gashin kansa, saboda duk silin da man ya taɓa lalle ba zai kama shi ba, kuma a nan ne furfura ta fi fitowa fili. Don haka ya fi kyau a taje gashin baya, a yi amfani da tsinken auduga ko kan ɗan yatsa a ja layin a hankali a gaban madubi. Mai rina gemu shi ma haka zai yi a kumatu da wuya da gefen leɓe.

Safar hannu ta roba ba abin sakaci ba ce, kuma a zaɓi wadda ta kama hannu sosai, domin irin ta leda mai faɗi da ke zuwa cikin wasu kwalaye tana zamewa, kwaɓin ya gangara ta wuyan hannu ba a sani ba. Ƙaramar huda a kan yatsa ɗaya ta isa ta bar farce ja na watanni, saboda haka a hura safar a duba kafin a sa, a kuma shafa mai a gefen farata a matsayin kariya ta biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne cire safar bayan an gama shafawa, sannan a zo wanke kai da hannu tsirara. A lokacin wankin ma launi yana fita, kuma yatsu suna daɗewa cikin gashin suna cuɗawa, don haka a mayar da safar har sai ruwan ya fara fita garau.

Kaurin kwaɓin shi ma yana da muhimmanci. Idan ya yi ruwa zai riƙa ɗiga, musamman da yake ana barin lalle a kai na awa 2 zuwa 4, kuma zafin da ke taruwa a ƙarƙashin leda yana kawo gumi. Kwaɓin da ya dace shi ne wanda idan aka ɗebo shi a cokali zai tsaya kamar man goge baki, ba ya zuba da kansa. Bayan an gama shafawa, a naɗa zaren auduga ko tsohon tsumma a zagaye bakin gashi kafin a rufe da leda ko hular wanka, a sa tsohuwar riga, a yafa tawul mai duhu a kafaɗa. A ajiye jiƙaƙƙen tsumma a kusa, duk ɗigon da ya sauka a fata a goge shi nan take, domin lallen da aka share cikin minti ɗaya ko biyu da wuya ya bar abin da ido zai gani, wanda kuwa ya zauna awa guda ya riga ya gama aikinsa. A riƙa leƙa bayan kunne da ƙeya lokaci zuwa lokaci da madubi biyu. A nan ne ɗigo ɗaya yake silalowa daga ƙarƙashin leda, ya bi wuya a hankali har cikin riga, mutum yana zaton gumi ne, sai bayan wanka ya tarar da dogon layi ja.

Idan duk da haka tabo ya kama, abin da za a iya yi shi ne taimaka wa fata ta zubar da ɓawon da ya rinu da wuri, ba tare da an ji mata ciwo ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a jiƙa wurin da ruwan ɗumi na kamar minti 10, a shafa man zaitun ko man kwakwa ko man jarirai, a bar shi ya zauna na wani lokaci har fatar ta yi laushi, sannan a goge da tawul mai ɗan kaushi ana zagayawa a hankali, a wanke da sabulu. Ga hannu ana iya haɗa man da ɗan sukari ko gishiri mai laushi a cuɗa, amma fuska ba ta jure wannan sosai. Sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma bayan kowane wanki a shafa mai. Maganin goge kwalliya yana ɗauke ragowar da ke saman fata a ranar farko, amma ba ya taɓa wanda ya riga ya ɗaure.

Ana yawan ambaton ruwan lemon tsami da bekin soda da man goge baki, kuma a ganina an fi yabonsu fiye da aikinsu. Bekin soda da man goge baki suna ɗan kankare saman fata, amma suna busar da ita, ga raɗaɗi a goshi. Lemon tsami kuwa yana da haɗari na musamman: idan ya zauna a fata aka fita rana, yana iya jawo ƙuna da baƙin tabo wanda zai fi na lallen daɗewa nesa ba kusa ba. Abubuwan da bai kamata su kusanci fata ba ko kaɗan su ne bilicin wanke tufafi, kananzir, fetur da maganin goge jan farce a fuska. Dirza da ƙarfi ma yakan bar baƙin tabo bayan wurin ya warke, musamman a fata mai duhu, sai a wayi gari an musanya tabon mako ɗaya da na watanni.

Duk wannan bayanin ya shafi lalle zalla ne, wanda launinsa ba ya wuce ruwan goro, ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Wanda ake sayarwa da sunan baƙin lalle, mai kamawa baƙi ƙirin cikin ƙanƙanin lokaci, sau da yawa an haɗa shi da wani sinadarin baƙin rini mai suna PPD, wanda yake jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi mai tsanani da kumburi da bororo, wani lokaci sai bayan kwanaki. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, a kuma gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar gwiwar hannu, a jira awa 48. Idan tabo ya zo da ƙaiƙayi ko kumburi ko ruwa, a daina duk wata dabarar gogewa a je wurin likita, kuma idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti. Haka nan ba a sa wa jarirai lalle, ko yaran da aka san suna da ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, domin lawsone yana iya farfasa musu waɗannan ƙwayoyin.

A farce kuwa babu dabarar da ke fitar da launin, domin shi ba ya zubar da ɓawo kamar fata. Yana tsirowa ne da kimanin milimita 3 a wata, saboda haka jan zai riƙa matsawa gaba ana yanke shi, kuma kafin ya ƙare gaba ɗaya akan ɗauki wata 4 zuwa 6. Ana iya ɗan goge samansa da abin gyaran farce mai laushi don rage kaifin launin, amma kada a yawaita, domin farcen zai yi siriri ya riƙa tsagewa. Wanda ba ya son ganin jan sai ya rufe shi da fentin farce har sabon ya fito.