Kurakuran da ke hallaka tsohon baromita mai zaiba

Da yawa daga tsofaffin ma'aunan nauyin iska (baromita) da suka lalace, ɗauka da goge-goge ne suka kashe su. Babban kuskure shi ne kwantar da baromita a bayan mota. Tun daga gwajin masanin kimiyya Torricelli a Italiya a 1643 tsarin bai sauya ba: bututun gilashi ne, zaiba na tsaye a cikinsa wajen milimita 760 a gaɓar teku, samanta kuma fili ne da babu iska ko kaɗan. Wannan filin shi ne ran na'urar. Ka kwantar da shi da gaggawa, iska ta kutsa, zaiba ta rarrabu. Ka girgiza shi, zaiba, wadda ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, ta daki kan gilashin ta fasa.

In za a ɗauke shi, a karkata shi sannu a hankali zuwa kamar digiri 45 har zaiba ta cika bututun, a riƙe shi a haka. Idan irin dogon nan ne mai noti a gindi, a murɗa notin ya tura zaibar sama. Mai fuskar agogo kuwa, wanda masanin kimiyya Robert Hooke ya ƙirƙiro, bakin bututunsa a buɗe yake, sai gwani ya toshe kafin tafiya. Ka kasa kunne lokacin karkatawar: ƙara mai tsini, "ƙwas", na nufin lafiya lau, idan shiru ne ko ƙarar ta dushe, iska ta shiga.

Sai masu son ƙyalli. Farantin lambobin tagulla ne da aka shafa wa azurfa siririya, man goge ƙarfe kuma cinye ta yake yi. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Katakon mahoganin ma a raba shi da rana da hita.

Wasu suna cewa baromitansu ya mutu don bai yi daidai da rahoton yanayi ba, alhali tudu ne: rahoton da awon gaɓar teku yake zuwa, kuma kowace mita 11 ta hawa na rage tsayin zaibar da kusan milimita 1.

In zaiba ta zube, kada a sa tsintsiya ko injin zuƙe ƙura, don tururinta guba ne. A buɗe tagogi, a fitar da yara, a cire zoben zinariya domin tana kama shi, a tattara ɗigon da kwali a zuba a kwalba mai murfi.