Kurakuran da ke cinye mana takarda wajen buga wa ƙananan jiragen ƙasa sitika a gida

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maradi a watan Fabrairun 2021, na lura samarin garin nan masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa sun ƙaru. Wasu da kwali da gwangwani suke ƙerawa, wasu kuma sun tsinci tsofaffin ƙananan tarago ƙirar kamfanin Jouef ko Lima cikin kayan gwanjo, suna son goge SNCF, sunan kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, da ke jiki su sa nasu rubutun: NRC na Najeriya, ko OCBN na tsohon layin Kwatano zuwa Parakou, ko sunan tashar da suke fata a gani a Maradi. Ƙirar takan yi kyau, fenti ma haka. Wajen rubutu da tambari ne aikin ke watsewa, kuma kusan kullum ta hanya ɗaya. Na gaji da maimaita magana guda ga kowane sabon shiga, shi ya sa na zauna na rubuta.

Takardar da muke magana a kanta ita ce ta sitikar ruwa: kwali ne mai ɗauke da wata leda siririya kamar ɓawon albasa, tsakaninsu akwai gam da ke narkewa in ya ji ruwa. Ka buga zanenka a kan ledar, ka yanke, ka tsoma a ruwa, ta sulɓe daga kwalin ta hau jikin tarago. Ban taɓa cin karo da ita a shagunan kayan rubutu na garin nan ba. Sai dai saƙo, ko a ba mai zuwa Kano ko Yamai ya nemo, ko a yi odarta ta intanet a jira. Don haka kowane falle ɗaya abin tattali ne.

Kuskure na farko, wanda ya fi ƙona mini rai: firintar gida ba ta buga fari. Ka buɗe ta ka duba, launi huɗu ne a ciki, baƙi da rawaya da shuɗi mai haske da wani ja-ja. Farin da kake gani a takardar da aka buga farin takardar ne kanta, wurin da tawada ba ta taɓa ba. To in ka buga a leda marar launi, duk inda ka sa fari a kwamfuta wayam zai fito. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kwalin da ke bayan ledar mai haske ne, saboda haka sitikar tana nuna kyau kafin a jiƙa ta. Sai ta hau kan koren tarago ko baƙin kan jirgi, rubutun ya ɓace. Ba farin kaɗai ba. Ita kanta tawadar shara-shara ce, an yi ta ne don hasken farar takarda ya ratso ta. Rawaya a kan kore mai duhu ba za ka gan ta ba sam, ja a kan baƙi sai ka karkata taragon wajen rana kafin ka hango alamarsa.

Wannan ya taɓa cinye mini fakiti guda na takardar da na daɗe ina jira. Na cika shafuka da farin rubutu da rawaya don jerin taragon kaya masu duhu, na yi musu feshi, suka bushe, ranar liƙawa ko harafi ɗaya bai fito ba. Har yau in na ga yaro ya nufi wannan ramin sai muryata ta tashi. Akwai firintocin ALPS da ke buga fari, amma an daɗe da daina ƙera su, akwai kuma farin gari na musamman da ake sa wa wasu firintocin leza, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin mai yin abin nan don sha'awa. Kada ka ɓata lokacinka kana neman su.

Ga yadda nake yi. In fari nake so a kan duhu, sai in shafa farin fenti a daidai gurbin da rubutun zai zauna, ya bushe sarai. A kwamfuta kuma in zana ɗan allo mai launin taragon, in bar haruffan babu komai. In sitikar ta hau, farin fentin ne ke leƙowa ta cikin haruffan. Mutane da yawa sun fi son farar takardar sitika, a buga launin taragon kewaye da rubutun. Tana aiki, amma bakin da ka yanka yakan bar farin zare kewaye, sai ka bi da ɗan buroshi kana rufewa, ga shi launin firinta da na fenti ba su cika haɗuwa ba. Ni ina amfani da farar ne kawai inda jirgin gaske ma allo ne aka maƙala masa, kamar lambar kan jirgi ko allon sunan tasha. Mafi sauƙi duka, tun kafin ka taɓa fenti ka yi shawara: tarago mai haske, toka-toka ko ruwan madara ko rawaya, da baƙin rubutu. Wannan ba ya ba da kunya, kuma da shi ya kamata kowa ya fara.

Na biyu shi ne tawada da ruwa. Yawancin tawadar firintar gida ruwa na narkar da ita. In ka yanke sitika ka jefa a kwano ba tare da ka rufe ta da fentin feshi marar launi ba, kana kallo ruwan zai rine, ledar ta fito fes. Wannan kowa yakan gane daga karo na farko. Abin da ba a ganewa shi ne yadda ake feshin, kuma nan ne yanayin garinmu ke shigowa.

Kwanan baya wani yaro daga Sabon Gari ya kawo mini shafinsa a cikin littafin makaranta. "Kawu, duba mini, takardar nan jabu ce aka sayo mini." Na karɓa na ɗaga a haske. Haruffan sun yi gashi-gashi, baƙi ya zubo cikin ja, fuskar takardar kuwa kaushi kamar an barbaɗa mata rairayi. Na ce, "Ɗana, yaushe ka yi feshin?" Ya ce bayan azahar, a tsakar gida, da fitowarta daga firinta. Na ce sau nawa, ya ce sau ɗaya, amma ya cika shi sosai don kada ruwa ya shiga. Laifi uku a aiki ɗaya, kuma babu na takarda ko guda!

Ledar ba ta shan tawada yadda takardar rubutu ke sha, tawadar a sama take zaune, jiƙe. Ni nakan bar shafi ya kwana a cikin kwali rufe kafin feshi. Kai da ka jira saƙon takarda makonni, dare ɗaya ne zai gagare ka? Sannan feshin farko ya zama raɓa kawai, daga nisan santimita 25 zuwa 30, hannu na wucewa ba ya tsayawa. Ka bar shi ya sha iska, ka ƙara na biyu, sannan na uku. In ka kwarara da yawa a karon farko, sinadarin da ke cikin fentin shi zai jiƙa tawadar ya ja ta. In kuma ka yi ta ƙarawa har ya yi kauri, sitikar ta zama faranti, ba za ta kwanta a kan ƙusoshi da layukan jikin tarago ba, kuma bakinta zai tsaya ana ganinsa daga nesa.

Lokaci ma sai an zaɓa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, feshin tsakar rana yakan bushe a iska kafin ya sauka, shi ne wannan kaushin. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, in ta faɗa a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Da damina, musamman a Agusta, danshi na sa fentin ya yi hazo fari-fari. Lokacina shi ne bayan asuba, kafin iska ta tashi da kafin a fara shara. Ina yayyafa ruwa a ƙasa, in yi feshin a bakin zaure inda iska ke wucewa, nan take in kifa babban kwali a kai. Kada ka yi shi cikin ɗaki a rufe, kada ka yi kusa da murhu, kada kuma ka bar gwangwanin a rana. Kuma don Allah ku daina ɗauko ragowar fentin feshin masu gyaran mota kuna fesawa kai tsaye. Wasu daga cikinsu suna da ƙarfin da ke cin roba, su yamutse ledar su yamutse taragon. Nemi na akirilik, shi ma ka fara gwada shi a bayan cokalin roba.

Masu kai aikinsu shagon fotokwafi, ku karanta bayan fakitin. Takardar iri biyu ce, ta firintar tawada da ta leza. Leza da zafi take manna garinta, zafin da ke kaiwa kusan digiri 200, kuma takardar da ba a yi don haka ba tana iya narkewa ta maƙale a ciki. Asarar takardarka ƙarama ce a kan injin da mutum ke ciyar da iyalinsa da shi. Wanda ya samu takardar leza ya huta da matsalar zubar tawada, duk da haka ni nakan yi mata feshi ɗaya mai sauƙi, don garin yakan fashe in aka lanƙwasa ledar.

Sai girman rubutu. Ido yana son manyan haruffa, lissafi ba ya so. Ma'aunin ƙananan jirage da ake kira HO kashi 1 ne cikin 87 na girman jirgin gaske, wato harafin da ke santimita 20 a jikin taragon gaske milimita 2.3 ne a naka. A ma'aunin N, 1 cikin 160, bai wuce milimita 1.25 ba. Harafi mai milimita 6 a HO daidai yake da rabin mita da ɗoriya a zahiri, shi ya sa taragon ke komawa kamar abin wasan yara duk wahalar da aka sha a ƙirarsa. Ka auna a hoto, ka raba, ka yarda da abin da lissafi ya ba ka. A gefen kowane shafi nakan ja layi mai santimita 5, in buga a takardar banza, in aza rula. In bai cika 5 ba, an bar wa firinta zaɓin daidaita zane da shafi, a mayar da ita kashi 100. Wannan gwajin na takardar banza nakan yanke shi in ɗora a jikin taragon in duba kafin in taɓa ta gaske.

Tambarin da aka turo ta WhatsApp ba ya bugawa da kyau, an matse shi, gefensa zai fito da tsani-tsani. Sake zana shi a manhajar zane ta Inkscape, kyauta ce. Rubutun Hausa kuma a duba salon haruffan yana da ƙ da ɗ da ɓ, a mayar da aikin PDF kafin a kai wata kwamfutar, in ba haka ba akwatuna za su fito a gurbinsu. Kada a juya zanen baibai, wannan na masu buga riga ne. Sitikar masu yi wa babura da adaidaita ado ta yi kauri, a bar ta ga babura. Kada a ɓata shafi guda saboda lambobi biyar: buga a takardar banza, yanko guntun takardar sitika, manna shi da salatif a daidai wurin, ka sake turawa. A firintar tawada kaɗai nake wannan, ban yarda salatif ya shiga leza ba. Kowace lamba a buga ta biyu ko uku, wata za ta yage.

Wajen jiƙawa, sakan 15 zuwa 20 a ruwa mai ɗan ɗumi ya isa, sai a fitar a aza kan tsumma har ta fara motsi da kanta. Wanda ya bar ta tana iyo a kwano ya wanke gam ɗin. In hakan ta faru, ɗigon farin gam na kafintoci a cikin cokalin ruwa yakan ceci aikin. Ruwan rijiya kan bar farin tabo in ya bushe, ni ruwan sha na leda nake sa wa.

Akwai kuma ƙyallin nan mai kama da azurfa da ke fitowa kewaye da rubutu bayan kwana ɗaya, mutane su ce sitikar ta tashi. Iska ce ta maƙale a ƙasa, domin fenti marar sheƙi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Sitika a kan fenti mai sheƙi ake ɗora ta, ko da a ƙarshe dusasshen tarago kake so. Sheƙi tukuna, sai sitika, sai feshin ƙarshe marar sheƙi ya haɗe su. A yanka dab da rubutun da sabuwar reza, a ture ledar daga kwali zuwa jiki da jiƙaƙƙen buroshi, ba da yatsa ba, a matse ruwan daga tsakiya zuwa baki da auduga. Wanda ya samu Micro Set da Micro Sol na kamfanin Microscale, magungunan ruwa da ke tausasa ledar ta kwanta a jikin tarago, ya ji daɗi. Wanda bai samu ba, farin binega da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana ɗan tausasa ledar, ko da yake bai kai su ƙarfi ba. Bayan an shafa Micro Sol sitikar takan yamutse, nan ne sabon shiga ke firgita ya kai hannu ya yaga ta. Ka janye hannunka, za ta miƙe da kanta in ta bushe. In da safe ka ga ƙurji ya rage, huda shi da bakin allura, ka ɗiga maganin a kai, ka sake kifa kwalin.