Kafin ka mayar da birkin tsohuwar Beetle zuwa na faifai

'Yan uwa masu riƙe da tsofaffin motoci, wanda ke shirin cire gangar birkin gaba ya sa faifai, don Allah kada ya tsaya a kan faifai da kalifa (abin da ke matse faifan) kaɗai. Ya duba masta, wato famfon da ke tura man birki in ka taka.

Mastar birkin ganga tana da wani ɗan bawul da ke riƙe matsin mai ko bayan ka ɗaga ƙafa. Ganga tana da sifirin da ke janye takalmin birki ya koma baya, shi kuwa kalifa ba shi da shi. In ka bar tsohuwar masta, sai ka tarar fad (takalmin da ke cikin kalifa) ya manne da faifai, ƙafar mota ta yi zafi tana wari tun ba ka wuce Gadar Lado ba. Na ga wanda ya canza kalifa sau biyu a banza, alhali masta ce matsalar. Ka sayi wadda aka yi don faifai, mai layi biyu, ko layi ɗaya ya fashe kana da sauran birki.

In za ka Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, tafi da wilinka ka gwada, domin wilin tsohuwar Beetle mai ramin noti 5 ne, kayan faifanta na asali kuwa rami 4.

Nonon fitar da iska na kalifa ya kalli sama, in ya kalli ƙasa an musanya hagu da dama. Sabon tiyo, sabon mai DOT 4.

Baya kuwa, ni dai a bar mata gangarta. Gaba ce ke ɗaukar yawancin nauyin tsayawa, hambirki kuma ya fi kamawa da ganga.