Yadda na raba wakilai biyu da suka ƙi daina gardama

Na haɗa wakilan manhaja biyu, wato shirye-shiryen kwamfuta masu yin aiki da kansu, da harshen rubuta manhaja na Python: ɗaya yana rubuta amsar tambayar kwastoma, ɗayan yana dubawa. Da safe sai na tarar sun kwana suna jefa wa juna aiki ɗaya, wannan ya gyara, wancan ya ce da saura, kuɗin API kuwa, wato abin da ake cajina duk lokacin da suka kira sabis ɗin da suke aiki da shi, na ta zurarewa. Laifina ne fa, ban taɓa gaya wa mai dubawan yaushe aiki ya isa ba.

Sai na rubuta masa sharuɗɗa uku, in sun cika ya mayar da kalma ɗaya tak: AMINCE. Na kuma sa ƙidaya, in zagaye ya kai 4 ba su daidaita ba, a turo mini in duba da kaina. Jiya sau biyu kacal aka turo.