Yadda Ake Mayar da Keke Mai Giya Ya Koma Mai Giya Ɗaya

Keken gwanjo mai giya 18 ko 21 yakan yi daɗin hawa a watannin farko. Daga nan ƙurar hunturu ta cika wayoyin giya, jar lakar damina ta ƙarasa sauran, sarƙa ta fara ƙara tana tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan. Direla, wato ƙarfen nan mai ƙananan tayoyi biyu da ke rataye a gefen tayar baya, faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama ta isa ta lanƙwasa shi. A Zariya kuwa, daga Samaru zuwa Kwangila har Sabon Gari da Tudun Wada, hanya kusan a shimfiɗe take, in ban da hawan gada da ɗan tudu nan da can. Giya ɗaya ta wadatar, kuma duk mai gyaran keke da ke bakin titi zai iya kula maka da ita.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, duba abu biyu. Su ne za su gaya maka nawa za ka kashe.

Na farko, irin haƙoran baya. Cire tayar, ka juya haƙoran baya da hannu kana kallon tsakiyarsu, inda ake saka makullin kwancewa. Idan zoben da ke wurin yana juyawa tare da haƙoran, kaset ne, wanda ake zurawa a kan hob, wato cibiyar taya, a ɗaure da zobe. Idan haƙoran suna juyawa shi yana tsaye, firiwil ne, wanda ake murɗawa a kan zare. Yawancin kekuna masu araha masu haƙora shida ko bakwai a baya firiwil ne. Masu takwas zuwa sama galibi kaset ne, kuma su ne suka fi sauƙin wannan aiki.

Na biyu, ramin da aksil ɗin baya ke zama a jikin firem. Idan ramin dogo ne a kwance, ana iya jan taya gaba da baya, to da taya kawai za ka ɗaure sarƙa. Idan gajere ne yana kallon ƙasa, taya wuri ɗaya take zama, dole sai ka samo abin da zai ja sarƙa. Keken da ke da sifirin a tsakiyar firem kuma, kada ma ka yi tunanin rage masa sarƙa ba tare da majayi mai sifirin ba, domin tazarar da ke tsakanin kiranki, wato ƙarfen da feda ke juyawa, da taya tana canjawa duk lokacin da ya faɗa rami. Sarƙar za ta tsinke ko aksil ya lanƙwashe.

Zaɓen giyar ba a teburi ake yi ba. Tun keken yana da giyoyinsa, sa shi a guda ɗaya ka yi kwanaki kana zirga-zirgarka ba tare da ka taɓa macanji ba, har da ranar da ka ɗauko kaya da ranar da iska ke bugunka ta gaba. Wadda ta zauna maka, sai ka ƙirga haƙoranta gaba da baya. A tayar inci 26, farantin gaba mai haƙora 32 da na baya mai 16 yana kai ka kimanin mita 4.1 a kowane zagayen feda. Wannan ya dace da hanyoyin gona da duwatsun wajen Kufena, amma a kan kwalta za ka yi ta wulwula ƙafa ba ka tafiya. 42 da 18 yana ba da kusan mita 4.8, shi ya fi dacewa da mai ɗaukar kaya ko mai yawan tsayawa a cunkoson PZ. 42 da 16 ya kai mita 5.4, na mai ƙarfin gwiwa ne da doguwar hanya kamar ta Shika. In kana shakka, ɗauki mai sauƙin, gwiwa ta fi saurin nan tsada.

Kwance kayan giya ba ya cin lokaci: macanjan hannu, wayoyinsu, da macanjin gaba. Sai dai a wasu kekunan macanji da hannun birki a haɗe suke, irin na Shimano da ke kan kekuna masu araha. Waɗannan ka bar su a wurinsu ka zare wayar giya kawai, ko ka sayi hannun birki daban wanda ya dace da irin birkinka. Birki biyun duka a bar su a kan keken. A gaba, idan farantan a ɗaure suke da ƙusoshin alanki, cire biyun da ba ka so. Ƙusoshin za su yi tsawo tunda an yi su ne don faranti biyu, sai ka sa musu wosha ko ka nemi gajeru. Idan ribiti aka buga musu, bar su yadda suke, ba sa hana komai.

Inda aikin yake shi ne daidaita layin sarƙa. Farantin gaba da haƙorin baya dole su tsaya a layi ɗaya, domin yanzu babu direla da zai riƙa mayar da sarƙa hanya. Ɗauki rula. Auna daga tsakiyar bututun da sirdi ke shiga zuwa tsakiyar haƙoran farantin. A farantin tsakiya yawanci za ka samu tsakanin milimita 47 da 50. Faɗin bayan firem na irin waɗannan kekuna milimita 135 ne, rabinsa 67.5 ke nan. Cire abin da ka samu a gaba daga 67.5. Idan 50 ka samu, to tsakiyar haƙorin baya ya kamata ta tsaya milimita 17.5 daga cikin ƙarfen firem na dama. Kuskuren milimita ɗaya ko biyu ba komai, fiye da haka sarƙa za ta riƙa gurnani tana cin gefen haƙora, ranar da ka taka da ƙarfi ta zame. Tsofaffin kekuna wasu 130 ne, ka auna naka kada ka ɗauka.

A hob mai kaset, wannan wasa ne da zobba. Riƙe kaset da bulalar sarƙa, wato ƙarfe mai guntun sarƙa da ke hana haƙora juyawa, kwance zoben da makullinsa, zare komai. Sai ka jera zobban tazara, haƙori ɗaya, sauran zobban, ka mayar da zoben ɗauri. Zobban za ka same su idan ka farke tsofaffin kaset biyu a wajen mai gyara, ko ka yanka bututun ruwa na roba mai faɗin ciki milimita 35, amma yankan ya miƙe sosai, in ba haka ba haƙorin zai riƙa rawa. Jerin ya ɗan ɗara bakin hob kaɗan don zoben ya samu abin matsewa, kuma a ɗaure shi da ƙarfi, kimanin Nm 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Haƙorin da aka ciro daga kaset zai yi aiki, amma an yi shi ne gajere mai gangara don sarƙa ta sauka daga kansa cikin sauƙi, kuma siririn gindinsa yana cin jikin hob. Wanda aka yi don giya ɗaya, mai dogayen haƙora da faffaɗan gindi, ya fi.

Firiwil ya fi wahala. A matse makullinsa a bais, a kifa tayar a kai, a juya ta hagu. Wanda ya ɗauko guduma da ƙusa zai fitar da shi, amma ba za a ƙara mora ba. Firiwil mai haƙori ɗaya, na 16 ko 18, yana hawa zaren nan daidai, ka shafa giris kafin ka murɗa. Matsalar ita ce yana zama can ciki kusa da sifok, nesa da layin faranti. Gyaransa sai an kwance aksil, an kwashe wasu woshoshin tazara daga dama an mayar hagu, hob ya matso dama. Hakan zai ja rim shi ma ya bar tsakiya, sai a sassauta sifok na dama a ɗaure na hagu, kwata-kwatan zagaye a lokaci ɗaya, har rim ya dawo tsakiyar firem. Ba wa wanda ya iya ɗaurin rim wannan. Ribar ita ce tayar ta fi da ƙarfi, kuma aksil ya daina lanƙwashewa a dama, cutar da ta addabi irin wannan hob. Mai son arha yana iya barin tsohon firiwil mai haƙora bakwai ya zaɓi wanda ya yi layi da faranti, amma ya bar direla a kai. In ba shi, sarƙa na iya hawa babban haƙorin da ke kusa ta ɗaure tam ta murƙushe aksil.

Sarƙa ce ta ƙarshe, bayan an gama komai. Iri biyu ce: mai faɗin 1/8 na inci, irin ta keken Raleigh da Phoenix, da siririya mai 3/32 ta keken giya. Mai faɗi tana hawa siraran haƙora, siririya ba ta hawa masu kauri, don haka ka duba firiwil ɗin da ka sayo kafin ka biya. Tsohuwar sarƙa a auna ta: gaɓa 12 cikakku, kowace ta ciki da ta waje a haɗe, inci 12 ne daidai, in ta ɗara da milimita ɗaya da rabi ta gama aiki, kuma za ta cinye sabon haƙori.

A rami mai kwance, tura taya gaba, naɗa sarƙa, ka yanke a gaɓar da ta fi kusa, sannan ka ja taya baya. Cire gaɓa ɗaya cikakkiya yana matsar da aksil kusan milimita 13, rabin gaɓa kusan 6, ƙarin haƙori ɗaya kusan 3. Juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi ɗaurewa, domin babu farantin da yake da'ira cif, a nan za ka saita ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. In ka ja ta kamar tsarkiyar baka, boris ɗin hob da na kiranki ne za su biya. Yatsunka su yi nesa da haƙora yayin da taya ke juyawa. Aksil mai noti na sifana 15 ya fi riƙewa a nan, mai ɗan hannun nan na saurin cirewa yakan zame gaba ta dama, taya ta karkace ta goga firem.

A rami mai kallon ƙasa, tsohon direla ya isa majayi idan bai lanƙwashe ba. Murɗa ƙaramin sukurun da aka rubuta wa H har ƙaramar tayar sama ta tsaya daidai ƙarƙashin haƙorin. In sukurun bai kai ba, zura guntun wayar giya ta madaidaicin da ke bayan direla, kanta ya tokare a ciki, ka ja ka ɗaure a inda kake so. Rage sarƙa har direla ya miƙe gaba sosai, kuma a nan siririyar sarƙa za ka sa, mai faɗi takan goga a kejinsa.

Gwajin farko a fili za a yi, ba a titin Sakkwato ba. Tashi tsaye ka taka da ƙarfi sau da yawa. Idan ta yi tsalle a kan haƙori, ko ta yi sako-sako ko haƙorin ya cinye. Idan ta faɗo gefe, layi ne bai daidaita ba, koma kan rula. Bayan mako guda a sake duba ɗaurin da ƙusoshin faranti. Baƙin mai kuwa a hunturu ƙura yake tarawa ya zama abin goge ƙarfe: wanke sarƙa da kalanzir, ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, ka goge na waje da tsumma har ta bushe a hannu.