Yadda za ka ɗauki hoton Jupita da Zuhal daga tsakar gidanka

Toh abu na farko da za ka sa a ranka, hotunan Jupita ɗin nan da ake yaɗawa a Facebook, masu ratsi-ratsi ga jan tabo ɓaro-ɓaro, ba da ƙyas ɗaya aka ɗauke su ba. Bidiyo ake ɗauka, firam, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke cikin bidiyo, dubu goma ko ashirin, sai a watsar da mafi yawansu a haɗa 'yan kaɗan ɗin da suka fito ras. Dalili kuwa iska ce. Ka ga yadda mota take rawa idan ka hango ta daga nesa a kan kwalta da tsakar rana a watan Afrilu, to haka saman kanmu yake har da dare, iska mai zafi da mai sanyi suna ta cakuɗuwa, hasken da ya taho tun daga kusan kilomita miliyan 600 lafiya lau sai ya zo dab da kai ya karkace. Amma cikin kowace daƙiƙa akwai ɗan ƙiftawar ido da iskar ke lafawa, kuma duk aikin nan farautar wannan ƙiftawar ce kawai.

Kayan aiki ba zan daɗe a kai ba. Teleskof mai faɗin baki inci 6 zuwa 8 ya isa, ko Dobsonian ne da kake turawa da hannu ko irin C8 na Celestron mai ƙafa da ɗan inji yana bin sama da kansa. Sai 'yar kyamarar da ake cusawa a gurbin gilashin ido, irin ZWO ASI224MC ko ASI462MC, da laftof mai USB 3, da filta mai tare hasken UV da IR, waɗanda ido ba ya gani, don idan babu ita kalar sai ta fito wani ja-ja kuma dishi-dishi. Waya ma tana yi idan ka ɗaure ta da adafta, za ka ga zoben Zuhal kam, sai dai waya tana matse bidiyo kafin ta ajiye, ƙananan bayanan da kake nema tun a nan suke salwanta. Sai gilashin Barlow mai ƙara girma, kuma akwai lissafi mai sauƙi da masu harkar ke bi: ka ninka girman fiksel na kyamararka, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, sau 5. ASI462MC fiksel ɗinta maikiron 2.9 ne, ka ga kusan f/15 kenan kake nema, lambar f ɗin nan kuwa duk yadda ta ƙaru haka hoto ke ƙara girma. Dobsonian inci 8 yawanci f/6 ne, da Barlow mai ninki 2 ka kai f/12, wallahi ya wadatar, kar ka biye wa masu jera Barlow a kan Barlow don hoton zai yi girma ne kawai ya yi duhu ba tare da ƙarin komai ba.

Yanzu ga inda mu nan ƙasar muka yi sa'a. Kano tana kusan digiri 12 arewa da ikwaita, hanyar da duniyoyin nan ke bi kuwa kusan ta kan tsakar kanmu take ratsawa, kuma duk yadda abu ya yi sama haka iskar da haskensa zai ratsa take raguwa. A 2018 mutumin Landan bai taɓa ganin Zuhal ta wuce kamar digiri 16 daga ƙasa ba, yana ta fama da ita a cikin dagwalon iska, alhali a Kano a dare ɗaya tana haura digiri 55. Su can har wani gilashi na musamman suke saya don gyara kalar da ke rarrabuwa idan duniya ta yi ƙasa, kai kuwa haƙuri kawai za ka yi ta hau. Ka sauke manhajar taswirar sama Stellarium kyauta ce, ka duba ƙarfe nawa za ta kai ƙololuwa, ka shirya awa ɗaya kafin nan. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da duniyar ke fitowa da magariba ta faɗi da asuba, wato ta fi kusa da mu, Jupita tana yin haka duk bayan wata 13, misali 10 ga Janairun 2026, duniyar Mas kuwa sai bayan wata 26.

Amma fa duk wannan sa'ar kana iya ɓata ta da inda ka kafa teleskof. Rufin kwano da dakin da siminti duk yini suke shan rana, da dare sai su dinga amayar da zafin, idan ka saita ta saman rufin maƙwabci ko ta inda janareto ke fitar da hayaƙi to ka manta, miya za ka ɗauka. Ka nemi ƙasa zalla, in da hali ka yayyafa mata ruwa da yamma. Ka fito da teleskof ɗin waje tun minti 40 zuwa awa ɗaya kafin ka fara don madubin ya huce ya yi daidai da iskar waje. Sannan ka ɗaga kai ka kalli taurari, in suna walƙiya sosai suna ƙifce-ƙifce daren ba naka ba ne ko da sama ta yi wasai, in kuwa sun tsaya cak to bismillah. Ɗan hazo-hazo marar kauri ba matsala ba ne, Jupita tana da haske, amma ranar da ƙurar hunturu ta sauko sosai gara ka rufe kayanka, ƙurar ma a madubi za ta kwanta. Ni a ganina bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, da kuma goshin asuba sun fi daɗin aiki.

Saitin madubi, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. Ka nufi tauraro mai haske, ka ɗan kauce wa fokas har ya zama zobba, baƙin ɗigon da za ka gani a ciki ya zauna a tsakiya daidai, in ya karkata gefe ka juya sukurorin kaɗan-kaɗan har ya dawo. Babu manhajar da za ta gyara maka wannan daga baya.

Ka buɗe manhajar ɗaukar bidiyo, SharpCap ko FireCapture, ka zaɓi ajiya a tsarin SER, ka rage girman fili zuwa kamar 640 da 480 don gudun firam ya ƙaru. Buɗewar kyamara, wato tsawon lokacin da kowane firam ke shan haske, ka sa ta tsakanin milisakan 5 zuwa 10, sai ka dinga ƙara gen, wato ƙarfin hasken hoto, har histogiram, ma'aunin hasken da ke allo, ya kai kashi 60 zuwa 70. Hoton da za ka gani a allo zai yi yashi-yashi kamar ba zai yi amfani ba, kar ya dame ka, haɗawar za ta wanke shi. Fokas shi ne mai cin rai, ka yi shi a kan ɗaya daga watannin Jupita huɗun nan da Galileo ya hango a 1610, Io ko Europa ko Ganymede ko Callisto, ka juya ka saki hannu ka jira girgiza ta tsaya, ka sake, har sai watan ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Bidiyon kuma kar ya wuce minti 2, in ka matsa 3, saboda Jupita tana gama juyawa cikin awa 9 da minti 55 ne, in ka tsawaita ratsin zai shafe. Firam 150 a daƙiƙa na minti 2 ya ba ka 18,000 kenan, fayil ɗin kuma ya haura gigabait 5, don haka ka share wuri a laftof tun da rana ka kuma cika batir. Ka ɗauki bidiyo biyar ko goma a jere, wani zai fi wani nesa ba kusa ba.

Mai Dobsonian marar inji shi ya bar filin kyamarar a buɗe gaba ɗaya, ya ajiye Jupita a gefe ya ƙyale ta ta ratsa, cikin kamar rabin minti ta fice, ya dawo da ita ya sake. Manhajar PIPP za ta haɗa guntayen ta tsayar da duniyar a tsakiya ta yanke baƙin gefe.

Daga nan sai manhajar haɗa firam, AutoStakkert, wadda Emil Kraaikamp ya rubuta kuma kyauta ce. Ka ja fayil ɗin ciki, ka danna Analyse ta jera firam daga mafi kyau zuwa mafi muni, ka sa ta ta baza ɗigogin daidaitawa a fuskar duniyar masu girman kamar fiksel 48, sannan ka gaya mata kashi nawa za ta haɗa. Nan ne ake ciniki. Yashin hoto yana raguwa ne da tushen adadin firam, firam 100 sun rage shi sau 10, firam 2,500 sau 50, amma duk wanda ka ƙara daga ƙasan jerin ya fi na gabansa dishewa. Ka sa ta fitar da kashi 10 da 25 da 50 lokaci ɗaya ka kwatanta, daren da iska ta lafa 50 ma yana yi, daren hargitsi 10 ɗin ne mafita.

Abin da zai fito hoton TIF ne mai laushi kamar ba a yi fokas ba, haka yake, sai manhajar RegiStax 6 ta tashe shi. Akwai madannai shida na wabilet masu ƙara wa hoto kaifi, ka fara da na farko da na biyu, ka ja a hankali kana kallo, nan take ratsi biyun nan masu ruwan ƙasa za su fara nuna ƙananan ƙulle-ƙulle a gefensu, in ka dace wani wata ya gifta za ka ga inuwarsa baƙin ɗigo a kan gajimaren. Ka danna RGB Align ta kawar da shuɗin gefe ɗaya da jan ɗaya gefen, sai RGB Balance. A nan ne mafi yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, don abin yana da daɗi hannu ba ya son tsayawa. Da zarar ka ga farin zobe ya zagaye bakin duniyar, ko fuskarta ta yi ƙuraje, ka wuce gona da iri, koma baya. Ka tashi ka sha ruwa ka dawo ka sake kallo da sabon ido, galibi za ka ƙara ragewa.

Zuhal ta fi duhu, ka kai buɗewa milisakan 15 zuwa 20, bidiyo minti 4 ko 5 babu laifi, kuma kar ka yi mamaki in zoben ya fito siriri, a Maris 2025 ya juyo mana gefensa ne, a hankali yake sake buɗewa shekara bayan shekara kafin baƙin tsagin Cassini da ke cikin zoben ya dawo fili sosai. Mas ƙarama ce, in ba lokacin kusantowarta ba ne kar ka wahalar da kanka.

In hannunka ya faɗa sai ka koyi WinJUPOS, ita tana warware juyawar Jupita ta ba ka damar haɗa bidiyoyi na minti 15 ko 20 su zama hoto ɗaya, amma sai ta san ainihin lokacin kowane ɗaya. Lokacin nan ba wasa ba ne, a Yulin 2009 Anthony Wesley daga bayan gidansa a Ostareliya ya hango baƙin tabon da wani abu ya bari bayan ya faɗa wa Jupita, sai daga baya manyan na'urori suka juya suka tabbatar. Don haka ka daidaita agogon laftof da intanet kafin ka fita, ka sa manhajar ta rubuta lokaci a sunan fayil da agogon UT, wato na GMT, Najeriya da Nijar awa ɗaya muke gaba, ƙarfe 11 na darenmu 22:00 kenan.